Yalo Biyu a Jakar Goggo Dudu

Duk wanda ya san Goggo Dudu ya san jakarta. Baƙar jakar nan ta hannu da maratayinta ya tsinke aka ɗinke da zaren buhu, ya sake tsinkewa aka sake ɗinkewa, har fata ta ƙare zaren buhu ya gaje ta. Sauran mata kwalli da turare da goro ake samu a jakarsu. Ita kuwa yalo biyu ne, ɗaure da zaren ulu, ja da shuɗi, a rataye kamar za a kai su gasa. Ko biki za ta, ko gaisuwar mutuwa, ko karɓar fansho, yalon nan na tare da ita. Kuma kun sani, da zarar kun ga ta zuge zip ta gyara tabarau, to duk namijin da ke wurin gara ya fara neman takalminsa.

Ga wanda bai san ta ba, Goggo malama ce a makarantar koyon jinya. Shekaru masu yawa ta yi tana koyar da sassan jikin ɗan Adam kafin ta yi ritaya ta zauna a gidanta na Karewa. Bafillatana ce ta cikin garin Yola, 'yar gidan malamai, gidan da mace ba ta faɗin sunan mijinta ko a gaban likita. Yadda aka yi wannan gida ya haifi matar da za ta tsaya gaban taron maza tana bayanin jijiyoyin da ke kai jini ga 'ya'yan maraina, ni dai har yau ban gane ba. Ni ne Buba, mijin Asta, 'yar ƙaninta. Wato surukata ce. Ku riƙe wannan da kyau, don duk wahalata daga nan ta taso.

Ranar ɗaurin aurenmu a Mubi na fara haɗuwa da ita. Ina zaune da abokaina a ƙarƙashin rumfa, na sha shadda, wandon nan tela ya matse shi yadda samari ke so a lokacin, sai ga wata doguwar tsohuwa ta ratso maza kai tsaye ko sallamar kirki babu.

"Wane ne angon?"

Aka nuna ni. Na zame daga kujera na durƙusa, na sunkuyar da kai.

"Kai ne? To. Ta ina jini yake shiga?"

"Shiga ina, Goggo?"

Ta zuge jaka ta ɗaga yalo biyu suna lilo. "Nan."

Wallahi rumfar nan ta yi tsit, har mai raba lemo ya tsaya da kwalba a hannu.

"Ka saurara, don ba a gaya muku a gida. Waɗannan biyu ba a ƙasa aka halicce su ba. Tun kana cikin uwarka, can sama suke, kusa da ƙoda. Kafin a haife ka suka sauko, suka jawo jijiyansu a baya. Jan zaren nan shi ke kawo jini, hanya mai nisa, ga shi siriri. Shuɗin shi ke mayarwa, kuma ka ga ya nannaɗe jan? Don ya sanyaya jinin ne, wurin ba ya son zafi. Shi ya sa aka rataye su a waje." Ta leƙo ta saman tabarau ta dubi wandona. "Allah ya fitar da su shan iska, kai kuma ka biya tela ya mayar da su kurkuku!"

Abokaina suka fashe. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ba ta gama ba. Ta kama yalo ɗaya ta juya shi, ta sake juyawa, har zaren ja da shuɗi suka cukuikuye. "In ya murɗe haka, jini ya tsaya. Ciwo zai zo farat ɗaya, har da amai. Awa shida gare ka, shi ma in an yi sa'a. Ba jiƙo, ba a ce bari a ga gobe. Asibiti. Ka ji?"

"Na ji, Goggo."

Sai ta kwance zaren, ta goge yalon a gefen mayafi, ta kai baki, garas! Duk mazan da ke rumfar nan suka haɗe gwiwoyinsu lokaci guda. Ta dube mu tana tauna. "Mene ne? In zubar?"

Kyautar aurena daga wajenta wando ne mai faɗi, irin na tsofaffin liman. Na jefa shi ƙasan akwati na ce ni da tsohuwar nan sai a wani bikin.

Ashe ba haka aka rubuta ba. Ko lallen hannun Asta bai gama gogewa ba 'yan bindiga suka shigo Mubi. Ba zan tsaya kan wannan ba, da yawanku da ƙafarku kuka taka dajin nan. Mun iso Jimeta da kayan jikinmu da ɗan ƙunshi guda, ƙafa a kumbure, kuma babu ƙofar da muka sani sai ta Goggo. Muka tarar dangi sun riga mu, wasu ma ba dangi ba ne, a hanya aka haɗu. Har a baranda ake kwana. Ba ta kori kowa ba, ba ta tambayi kowa yaushe zai tafi ba.

Amma fa tsumulmula, kai jama'a! Sabulu da zare take yanka shi, kowa ta ba shi ɗan ƙwarya kamar maganin zazzaɓi. Ashana da reza take tsaga ta biyu. Motarta, tsohuwar fijo, batirinta ya mutu tun kafin a haifi wasunmu, kuma ta rantse ba za ta sayi sabo ba alhali Allah ya cika mata gida da ƙarti. Kowace safiya mu ne batir, mu tura har bakin titi. In ta hau hanya kuwa, duk inda ta ɗan gangara sai ta kashe inji, motar ta riƙa silalawa shiru, masu keke Napep na bayanta suna ta oda. In ka yi magana ta ce, "Gangara kyauta ne. Mai kuwa sayarwa ake."

Wata rana aka kawo mana tuwo da miyar yalo. Mun yi nisa da ci, muna yabawa, sai wani ƙanen mijin yayar Asta ya tsamo ɗan guntun zare ja daga cikin miya. Ya ɗaga shi sama. Hannun kowa ya tsaya a cikin kwano.

"Goggo, wannan wane yalo ne?"

Daga kicin ta amsa, "Na darasin jiya. Na ga ya fara yaushi."

Kwanon maza ya koma kusan yadda ya zo. Ta buɗe ta duba, ko a jikinta. "Madalla. Na gobe ya samu."

Ni abin ya fi yi mini nauyi, don a gidanmu an hore mu da pulaku, kunyar nan ta Fulani. Ba ka cin abinci a gaban suruka, ba ka haɗa ido da ita, in ta shigo ta wannan ƙofa ka fita ta waccan. To ga ni a gidan surukar da in ta ga wandona a igiyar shanya sai ta auna faɗinsa da taƙi ta aiko Asta da saƙo.

Ranar shingen sojoji kuwa, wasunku sun ji labari, ni a gabana aka yi. Lokacin ne ake ta jin tashin bam a kasuwanni da tashoshi, kowa a tsorace, mace da jaka abar zargi ce. A shingen da ke kan hanyarmu ta shiga gari, dole kowa ya sauka ya buɗe kayansa. Ina tare da ita don in motar ta mutu a sami mai turawa. Wani ƙaramin soja ya ce ta buɗe jaka. Ta buɗe. Ya leƙa, ya ga abu biyu dunƙulallu da igiya ja da shuɗi a jikinsu. Ya daka tsalle baya ya saita bindiga.

"Kowa ya kwanta! Kowa ya kwanta!"

Mai rake ya yar da baro, mata suka zube, ni kaina ban san lokacin da hancina ya taɓa kwalta ba. Ina kalmar shahada na ɗago ido ɗaya, sai na ga Goggo a tsaye ƙyam.

"Mama, kwanta!"

"Da wannan gwiwa? In na kwanta wa zai tashe ni, kai?"

Yanzu muna dariya, amma ranar yatsan yaron nan na rawa a kan kunamar bindiga, na gani da idona. Goggo ta sassauta murya. "Ɗana, yalo ne. Ka duba da kyau." A hankali ta sa yatsu biyu ta ɗago su ta zaren, ta kai ɗaya baki, garas! Ta tauna ta haɗiye. "Ka ji ya fashe?"

Shugabansu ya ƙaraso, wani saje mai ƙiba, mutumin kudu, yana share gumi. "Mama, wetin be dis? Me ya sa ka ɗaura waya a garden egg?"

"Ba waya ba ne, jijiya ne. Kira yaranka su zo, dukanku abin ya shafa."

Mutane na kakkaɓe ƙura, layin motoci ya kai inda ya kai, Goggo kuwa ta jingina da buhunan yashi tana koya wa sojoji ta inda jini ke shiga da ta inda yake fita. Da ta gama Saje ya ja ta gefe yana magana ƙasa-ƙasa, amma muryar Goggo ba ta san ƙasa-ƙasa ba, don haka duk muka ji amsar.

"Na hagu ko? Da yamma in ka daɗe a tsaye, ka ji kamar tsutsotsi a leda? Ba sammu ba ne, kar ka ba kowa kaza. Jijiyan da ke mayar da jini ta hagu ya fi tsawo, a miƙe yake hawa har jijiyan ƙoda, sai jini ya riƙa taruwa a ƙasa. Ka je ka ga likita."

Saje ya ƙame ya sara mata. Ita kuwa ta miƙa masa hannu. "Yalona. Kun sa na ci lokacin cinsa bai yi ba." Sai da ya tsayar da mai talla ya saya mata sabo muka wuce, kuma ta mayar da na farko da ya zaɓa ta ce ya cika ƙanƙanta.

To yanzu ga nawa.

Wata safiya bayan sallar asuba na koma na ɗan kishingiɗa, sai na ji kamar an sa ƙusa an buga mini a ƙasa, ta dama. Ciwon ya hau mara, ya hau ciki, gumi ya karyo mini. Kada ku ce ban san mene ne ba. Mutumin da ya ji darasin nan a ranar aurensa, ya ji shi a shingen soja, ya ci shi a miya, ya sani sarai. Amma na ce wa kaina ƙila sanyi ne, ƙila waken jiya ne. Asta ta tambaya na ce ba komai. Ni da aka yi wa kaciya ban ce uffan ba, aka yi ta yabona a unguwa, yau zan je gaban surukata in ce mata me? Da wane bakin?

Kuma akwai abin da ko Asta ban taɓa zama na yi mata bayaninsa ba. Ina sakandare hangum ya kama ni, ya sauka ƙasa, na hagu ya kumbura, da ya sace kuma sai ya tsotse ya koma ɗan mitsitsi. Tun lokacin na san na dama kaɗai gare ni. In da rabon in ga ɗana a duniya, ta nan zai fito. Shi ne kuma yake ciwo. Tsoro ya kama ni irin wanda ko a daji da muke gudu ban ji ba, amma tsoron bai kai kunyar ba. Na cije na zauna.

Rana ta fito, hantsi ya ɗaga, Goggo ta fito za ta kasuwa ta yi kiran batir. Na miƙe da ƙyar na bi sahu. Na dafa bayan fijo muka tura, ina tafiya a tattale, ido na ganin duhu-duhu. Motar na tashi na saki, na durƙusa gindin darbejiyar ƙofar gida na yi ta kwara amai.

Ashe ta gan ni ta madubi. Sai ga fijo ta dawo da baya. Ta fito ta dube ni, ni kuma na lallaɓa na shige ɗaki na saki labule. Abin da ya tsorata mutanen gida ba amaina ba ne. Goggo ce ta shigo tsakar gida ta bar mota a kunne a waje, inji na ta cin mai. Wata tsohuwa daga cikin baƙinmu ta fara salati, ta ce lallai an yi mutuwa.

Goggo ta zo ta tsaya a bayan labulen ɗakina. Ba ta shigo ba.

"Asta, tambayi mijinki, tun yaushe?"

Asta ta dube ni. Na ce, "Ki ce mata ciwon ciki ne."

"Na ji shi, ba kurma ba ne ni. Ciwon ciki ba ya sa mutum tafiya kamar ya hau jaki. Tun yaushe?"

"Tun asuba," in ji Asta.

"Tun asuba! Kuma ya tura mini mota! Dama ko hagu?"

Wallahi na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Ina jin numfashinta a bayan labule. Na ɗauka za ta banko ta shigo ta tsige ni, don ta iya. Sai kawai na ji ƙarar zip. Hannunta ya ratso gefen labule, yalo biyu na lilo.

"Buba, ɓingel am, ɗana. Ba sai ka faɗa ba. Ba sai na gani ba. Nuna mini a jikin wannan."

Asta ta karɓa ta ba ni. Na riƙe su. Na kama na dama na murɗa shi, na ɗaga shi sama kusa da ƙullin, na kwantar da shi a gicciye, don haka nake jin nawa. Har zan miƙa, sai na tsaya. Na kwance na hagun gaba ɗaya na ajiye a kan tabarma, na miƙa wa Goggo guda ɗaya tak a jikin zare ta gefen labule.

Shiru. Tun da na san Goggo ban taɓa jin ta yi shiru haka ba.

"Ɗayan fa?"

"Hangum," na ce. "Tun ina makaranta."

"Ku ɗauko shi," ta ce wa mazan gida. "Kar ya taka ƙasa, kar a ba shi ko ruwa. Asta, ɗauko wandon nan da na ba shi, na san yana ƙasan kaya." Wando kam ya tsira, don shi Asta ta ƙunsa 'yan kayanmu a ciki ranar gudu. A cikinsa aka kai ni asibiti.

Ina kwance a kujerar baya, kaina a cinyar Asta, ina jin kowane rami a cikin ƙwaƙwalwata. Muka zo gangaren nan da kullum take kashe inji. Na saurara. Ba ta kashe ba, ƙara taka mai ta yi. A nan ne hawaye ya zubo mini, don na gane abin ya kai inda ya kai.

A shinge layi ya yi tsawo, ana sauke mutane ɗaya bayan ɗaya. Goggo ta fita daga layi ta bi gefen hanya tana oda, abin da a kwanakin nan zai iya sa a buɗe wa mota wuta. Ta fitar da hannu ta taga, yalo ɗaya na lilo. Na ji murya daga nesa, "Na Mama Yalo! Kar ka taɓa!" Saje ya sheƙo. Goggo ta murɗa yalon a gabansa ta nuna kujerar baya. Ya leƙo ya gan ni, ya kama kansa. "Chai! Tun yaushe?" Da hannunsa ya gungura durom ɗin da suka tare titi da shi ya buɗe hanya, yana yi wa yaransa tsawa su matsa.

A asibiti ma haka. Nas ɗin da muka tarar Sista Rahila ce, mutuniyar Numan da ke zaune a Shagari Low Cost, tsohuwar ɗalibar Goggo. Tana ganin yalo a murɗe ta ajiye abin da ke hannunta ta ruga kiran likita. Likita ya duba ni, bai ɓata lokaci ba ya ce a shirya tiyata. Abin da na ji na ƙarshe kafin allura ta ɗauke ni muryar Goggo ce a baranda, tana faɗa da wani a kan an bar fanka na juyawa a ɗakin da ba kowa.

Sauran labarin daga baya aka ba ni. Sista Rahila ta ce da aka buɗe, abin ya yi duhu kamar ɗinya. Likita ya warware shi, aka naɗe shi da tsumma mai ɗumi, aka tsaya ana kallo, don in bai sauya launi ba cire shi za a yi. Can sai ga ɗan ja-ja ya fara bayyana ta gefe, yana yaɗuwa a hankali. Likita ya ce Alhamdu lillahi, ita ta ce na gode Yesu, kowa ya sauke numfashi. Aka ɗinke shi a mazauninsa yadda ba zai sake juyawa ba.

A waje kuwa, Asta ta ce Goggo na zaune a benci, carbi a hannu ɗaya, zaren ulu a ɗayan. A nan ta ba ta labarin da ba ta taɓa ba kowa ba. Tana sabuwar nas aka kawo wani saurayi daga Ngurore, manomi, kwana da kwanaki yana ɓoye ciwo don kada a ce ba shi da jarumta. Da aka buɗe babu abin ceto. Da ya farfaɗo ya tambaye ta, da ya zo da wuri fa? Ta gaya masa gaskiya. Ya ce, "To ai ba wanda ya taɓa gaya mini." Washegari ta sayi yalo.

Da na farka, Asta na gefena idonta jawur. Goggo na tsaye a ƙarshen gado ta juya mini baya, tana kallon bango.

"Asta, gaya wa mijinki jini ya shiga."

Ni da ban yi kuka ranar kaciya ba, ranar nan na yi shi da sauti, a gaban surukata, a gaban duk majinyatan ɗakin. Ban taɓa jin sauƙi irin na wannan rana ba, kamar an sauke mini buhun masara daga ƙirji.

Da aka yarda in ci abinci ta kawo kunu da kanta. Na riƙe kofi na kasa kai wa baki. Ta gane, ta ja kujera ta juya ta fuskanci taga. "Sha abinka. Kunyar cin abinci ka riƙe, ba ya kashe kowa. Ɗayan ne ba na so."

Sai da yamma ta tuna da mota. Ashe tun isowarmu a kunne ta bar ta a harabar asibiti, don kada a buƙaci a kai ni wani wuri a rasa masu turawa. Injin ya yi ta ci har mai ya ƙare ƙaf. Wannan kam ba ta yafe mini ba har ta bar duniya. Ko a ina ta gabatar da ni sai ta ce, "Wannan shi ne mijin Asta, wanda ya shanye mini tanki."

Da ƙura ta lafa ba mu koma Mubi ba, muka kama haya nan kusa da ita. Bayan shekara biyu Asta ta haifi mace, muka sa mata sunan Goggo. Ranar suna Goggo ta zo da kwandon yalo ta ce a raba wa maza, kuma ta tsaya a kansu sai da kowa ya ci. Bayan yarinyar aka samu maza biyu. Ita Goggo Allah bai ba ta haihuwa ba, ba ta kuma taɓa kuka da hakan a gaban kowa ba. Yaran nan su ne kaɗai mutanen da na ga ta ba sabulu guda ba a yanka ba.

A ciwonta na ƙarshe, da hannu ya daina ɗaukar kofi, takwararta ce ke ba ta ruwa da cokali. Ina zaune bakin ƙofa kamar kullum, kaina a ƙasa. Ta sha cokali biyu, ta dubi yarinyar ta daɗe, sannan ta kira ni. Na matso. Karon farko ke nan da na dubi cikin idonta.

"Buba," ta ce, tana nuna yarinyar da haɓa. "Ka ga abin da ka so ka zubar?"

Na ce na gani, Goggo.

Jakar tana wajena yanzu, Asta ta ce ni na fi cancanta. Zaren ja da shuɗi na ciki. Makon jiya na sayi yalo biyu na ɗaura, na tara samarin layinmu a ƙofar gida, na tambaye su ta ina jini yake shiga. Suka yi ta dariya kamar yadda abokaina suka yi a rumfa. Na bar su suka gama, sannan na murɗa yalon, suka yi shiru. Da na ƙare na tsaya da shi a hannu, na ji ba zan iya zubarwa ba. Na ci.

Allah ya jiƙan Goggo Dudu. Ya Allah, ta rufa mana asiri ranar da ba mu da ƙofar bugawa, ka rufa mata nata. Ta tsaya a bayan labule don kada in kunyata, kada ka kunyata ta ranar tsayuwa. Ka yalwata kabarinta, ka sanyaya shi, ka ba ta ba da awo ba, ita da ta auna komai ta ciyar da kowa. Amin.